Ƙirjin da Na Kai Gida a Kan Keke

Tun da na dawo ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a benci, kafin mai shayi ya gama juya cokali, sai wani ya ce, "Bello, wai da gaske a keke ka tahi?" Wani kuma ya ce a'a, an gan ni a Damba ana ɗaure keken a saman bas. Wannan ƙarya ce, kuma na san wanda ya ƙaga ta, yana da hula a wajena ma da bai zo ya karɓa ba. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa ya ɗauki nasa ya ƙara masa gishiri. Ga shi nan gaba ɗaya, wanda ya karanta ya karanta wa na kusa da shi.

Ga wanda bai san ni ba, ɗinkin hula nake yi a bakin kasuwa a Gusau, shekara ashirin da 'yan kai. Duk tsawon shekarun nan allura na hannun dama, sigari na gefen baki. Allah kaɗai ya san hulunan mutane nawa toka ta huda mini, in rufe ramin da ɗan fure in ce ado ne. Amma asalina ba ɗan birni ba ne. Ƙauyenmu yana gaba da Tsafe, ta wajen 'Yankuzo, kuma gidanmu gidan ladanai ne. Kakana ya kira salla, babana Malam Audu ya kira har ya rasu, yayana Umaru ya karɓa shekara talatin ke nan. Ni ne aka ce na ɗauko muryar Baba sak. Ni ne kuma na kawo ta birni na gasa ta da hayaƙi.

Bara da damina Yaya Umaru ya faɗi a gona, ɓarin jikinsa ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Na je gaishe shi a mota. Da zan dawo sai Liman ya ja ni bayan masallaci, ya ce maƙwabcinmu Malam Hadi zai riƙe kiran salla zuwa kaka mai zuwa, ba wadda za a shiga ba, ta gaba. In gidanmu ya kawo wanda ya ci gwaji, ladanci na nan inda yake. In bai kawo ba, ya koma gidan su Hadi ke nan. Ya tsaya yana jiran in yi magana. Sai tari ya sarƙe ni.

Sai na yi muku bayanin gwajin nan, don ku 'yan birni ba ku san shi ba. A nan Gusau kowane lungu da lasifika, ko mai mura ya kira salla za a ji shi a unguwa uku. Mu ma an taɓa sayo mana, batirin ya mutu, aka bar ta a rataye tsuntsaye na sheƙa a ciki. Gonakinmu kuwa sun yi nisa, kuma manomi ba ya duba agogo. Don haka tun zamanin kakanni, ranar da za a gwada ladan, da la'asar, ana tura dattijo ɗaya can ƙarshen gonaki, gindin wata tsohuwar tsamiya. Kai kuma ka hau matakalar ƙasa da ke jikin masallaci ka kira. In ya ji, sai ya taso ya dawo gari, ba a ta da salla sai ya shigo sahu. In bai ji ba, zai yi zamansa can har rana ta yi ja. Ba wanda zai ce maka ka faɗi. Hanyar da ba kowa a kanta ita za ta gaya maka.

A motar dawowa na miƙa wa direba sauran kwalin sigarin da ke aljihuna, na ce na bari. Ya yi dariya ya ce shi ma ya bari sau tara.

Makonnin farko ban ji daɗin duniya ba, waɗanda ke gidana ma ba su ji ba. Na yi faɗa da mai ɗakina a kan gishiri, na yi faɗa da akuya. Abin da ya fi ba ni haushi, tarin ƙaruwa ya yi, ga majina baƙa-baƙa kowace safiya. Na tafi wajen likita a fusace na ce na bar taba na fi da lalacewa. Ya ce in kwantar da hankali, ƙirjin ne ke shara. Wai akwai wasu 'yan gashi-gashi a hanyar iska da hayaƙi ya kwantar da su shekara da shekaru, yanzu ne suka miƙe suna fitar da datti. Ya ba ni wani bututu na hura, ya duba. Na ce ya faɗa mini gaskiya, zai dawo? Ya ce wani abin zai dawo, wani ya tafi ke nan, kuma shi bai san inda iyakar take ba sai na taka na gani. Ya ce in yi ta tafiya a ƙasa, in na samu keke in hau.

Ranar farko da na hau keke ban fita unguwarmu ba, na sauka na dafa bango ina haki, mata na leƙe. Bayan wata uku ina zagaya kasuwa. Bayan wata bakwai ina yin asubanci in kama hanyar Bungudu, in je in sha koko in dawo kafin rana ta yi zafi. Can bakin gulbi nake tsayawa in gwada murya. Ba a kiran salla ba a lokacinta ba, don haka sai dai in buɗe baki in ja sauti ɗaya, in ga iya inda zai kai. Wani makiyayi ya daɗe yana kallona daga nesa, rannan ya matso ya tambaye ni a hankali ko wani nawa ne ruwa ya ci.

Da kaka ta zo na ce a keke zan tafi. Mai ɗakina ta ce ban da hankali, ko ban san halin da hanyar nan take ciki ba? Na sani sarai. Amma na ce mata in ƙirjin nan bai iya kai ni gida ba, ba zai kai muryata tsamiya ba, gara in sani tun a hanya da in sani a gaban mutane. Muka yi yarjejeniya: fita bayan asuba, la'asar ba za ta same ni a kan titi ba, kwana a Tsafe gidan Gwaggo Asabe, ƙanwar babana. Ta ɗaure mini ƙulli a bayan keke ba ta dube ni ba.

Na bar gari gari bai gama wayewa ba. Abin da zan fara gaya muku shi ne Gusau tana da ƙamshi da safe, ni ban sani ba sai bana. Na ji ƙosai tun ban ga mai suyar ba. Na ji jiƙaƙƙiyar ƙasa inda aka yi alwala, na ji ɗanyen gero daga wata mota da ta wuce ni. Shekara ashirin ina wucewa ta titin nan hancina a toshe. Sai na ji kamar baƙo ne ni a garin, irin wanda ya sauka jiya yana ta waige-waige.

Bayan Damba akwai shingen jami'an tsaro, ganguna da buhunan yashi, motoci sun yi layi. Na zo zan raɓa ta gefe, wani mai bindiga ya ɗaga hannu.

"Baba, ina zuwa?"

Na ce Tsafe. Ya dubi keken, ya dube ni, ya kira abokin aikinsa ya zo ya ga abin mamaki. Suka kwance ƙullina, suka tarar da riga ɗaya, hula uku, allura da zare, kwalbar zuma, sai gaɓar rake huɗu da nake taunawa in kwaɗayin taba ya taso. Duk wannan binciken sigari na ci a tsakanin yatsun mai bindigar, iska kuma tana kawo mini hayaƙin kai tsaye. Ba zan ɓoye muku ba, wata goma sha huɗu rabona da ita, amma sai da yawuna ya tsinke. Hannuna ya tafi aljihu da kansa, ya tarar da asuwaki. Na ji kunyar kaina, na kuma ji tsoro, don na ɗauka mun riga mun rabu.

Ya ce me ya sa ban hau mota ba. Na gaya masa a taƙaice. Ya ce shekara nawa na sha? Na ce tun ba a yaye shi ba. Ba zan ce muku ya jefar da tasa ba, don bai jefar ba. Ya dai mayar da hannun bayansa, ya ɗaure mini ƙullin da kansa, ya ce kada in tsaya inda ba mutane.

Daga nan hanya ta miƙe. Dutsen Kwatarkwashi ya bayyana tun daga nesa, shuɗi-shuɗi, ina ta tuƙi shi kuma ya ƙi matsowa. Sau nawa na bi hanyar nan a bas ban taɓa sanin tana da hawa ba. Rannan na sani. In hawan ya zo sai in shaƙi iska a tuƙi biyu, in fitar a tuƙi uku, in daina tunanin komai. Can wani lokaci sai na rasa inda ƙafafuna suka ƙare, inda keken ya fara. Dawa na wucewa hagu da dama, iska na shiga har wani lungu a ƙasan haƙarƙarina da na manta akwai shi. Na yi ta tafiya kamar mai barci da ido buɗe, har sai da na ji tayar baya tana buga ƙarfe a kwalta.

Ƙaya ce. Na tura keken har cikin Kwatarkwashi, na sami wani tsoho mai faci a gindin darbejiya. Ya ce injin iskarsa ba mai, sai dai famfon hannu, kuma kafaɗarsa na ciwo.

"Kai za ka buga, Malam. Ni aikina gano rami."

Na buga masa iska, ya tsoma tiyub ɗin a cikin kwano mai ruwa yana juyawa sannu-sannu, har wasu 'yan kumfa suka fara tasowa a jere. Ya ɗora yatsa a wurin, ya ce ga ɓarawon nan. Na tsuguna ina kallon kumfan, ina cewa a raina ina ma a ciro ƙirjina a tsoma a kwanon nan, in ga ta inda yake yoyo, a manna masa faci in huta da zullumi. Na faɗa masa hakan. Ya ce wanda ya buga famfon nan sau hamsin bai zauna ba, shi dai bai ga rami ba.

Kafin facin ya kama na sayi fura wajen wata Bafillatana. A Gusau nan sukari muke zubawa har cokali ya tsaya. Ita kuwa ta ce ba ta da sukari, in sha haka. Na sha, sai ga citta daban, kanumfari daban, tsamin nono daban, kowanne yana gaishe ni da sunansa. Na jingina da darbejiya barci ya ɗan sace ni. Na ga kaina a cikin gulbi, ƙarƙashin ruwa, ina tafiya a kan yashi ba gaggawa, haske na saukowa daga sama, kuma ba na bukatar in taso. Mai faci ne ya taɓa ƙafata ya ce rana na tafiya.

Sauran hanyar ba daɗi, gaskiya. Zafi ya sauko, cinyoyina suka yi nauyi, sau biyu na sauka na tura. Akwai inda na wuce gonaki da ciyawa ta cinye, ba kowa, ba ko akuya, na tuna maganar mai bindiga na ƙara wuta. Amma ƙafa ce ta gaji, ba ƙirji ba, kuma wannan bambancin ya yi mini daɗi har na yi ta murmushi ni kaɗai. Na shiga Tsafe ana alwalar la'asar.

Gwaggo Asabe ta tsufa amma bakinta bai tsufa ba. Ta riƙe rigata ta sunsuna kafin ta amsa gaisuwa.

"Ikon Allah. Bello ba wari. Da in ka shigo gidanga sai na shanya tabarma kwana biyu."

Ta kawo tuwon dawa da miyar sure, ta kawo hoce mai zafi da ƙuli. Ku da kuke gaisawa daga kan babur ba ku tsaya ba, ku je Tsafe ku koyi gaisuwa. Maƙwabta suka yi ta shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowa sai ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, ya tambayi keken ma, tuwona ya huce a gabana. Duk sun san abin da ya kawo ni. Ba wanda ya ambata.

Kafin magariba Gwaggo ta ce in shiga ɗaki, ta haɗa mini maganin buɗe murya irin wanda take yi wa babana. Na shiga na zauna. Sai ga ta da kasko cike da garwashi, ta barbaɗa wasu saiwoyi, hayaƙi ya turnuƙe, ta ɗauko bargo za ta lulluɓe ni da shi. Na yi tsalle na fito tsakar gida ba takalmi.

"Gwaggo, wata goma sha huɗu ina gudun hayaƙi, ke kuma ki rufe ni da shi?"

"Wanga na magani na, ba irin naka na 'yan tasha ba!"

Na ce ƙirjin bai san bambanci ba. Ta yi fushi, ta ce 'yan birni sun fi kowa sani. Da safe dai na tarar ta dafa mini citta da zuma a kofi, ta ajiye a bakin ƙofa. Da zan hau keke ta ce, ba ta dube ni ba, "In ka hau, kak ka yi sauri. Ubanka bai taɓa sauri ba."

Daga Tsafe ba kwalta. Na jira masu komawa ƙauyuka suka taru, muka tafi a ayari, babura uku da jakuna da ni, don yanzu ba mai bin hanyar nan shi kaɗai. Dawa ta fi tsayin mutum, ta rufe hanya ta zama kamar lungu, kawunanta sun sunkuyo da nauyi. Ba a magana sosai. Ni dai ina jin ƙamshin kara da na kashin shanu, ina jin kamar shekarun da na yi a birni wani dogon zazzaɓi ne da ya sake ni. Da hantsi na hango rufin masallacinmu.

Yaya Umaru na kwance a zaure. Ya rame, bakinsa ya ɗan karkace. Ban gama gaisuwa ba ya miƙo hannunsa mai lafiya ya ɗora a ƙirjina.

"Ja," ya ce.

Na ja numfashi.

"Sake."

Na sake. Bara da na zo ya ce mini kamar da kyanwa a ƙirjina, kukanta har waje. Yanzu ya daɗe yana saurare, idonsa a rufe, sannan ya ce da harshensa mai nauyi, "Ta hita." Na juya fuska don kada ya ga idona. Ranar nan da kuma washegari da safe ya yi ta koya mini inda Baba ke ɗaukar numfashi a cikin kira, yana bubbuga tabarma da yatsa, don ba ya iya jan sautin da kansa. Wannan ya fi komai yi mini ciwo a tafiyar nan.

Wanda aka tura tsamiya shi ne Baba Tanko. Shi ya saurari Yaya Umaru shekara talatin da suka wuce, gonarsa ma a gindin tsamiyar take, a can ya yi rabin rayuwarsa. Ya haura tamanin, amma kowa ya shaida kunnensa garau yake, yana jin kukan akuyarsa a cikin garke. Bayan azahar na gan shi ya ɗauki buta da sanda ya bi ta cikin dawa, a hankali, har ya ɓace.

Da inuwa ta kai inda ake jira, Liman ya gyaɗa mini kai. Matakalar hawa bakwai ce, ƙafafun gidanmu sun lotsa tsakiyar kowace. Na hau, na fuskanci gabas. Daga can sama ana hango kan tsamiyar, ƙarami kamar ɗan yatsa. Na ce a raina wane mahaukaci ne ya ce muryar mutum za ta kai can?

Na sa yatsu a kunne na ja iska, na ji ta sauka har ƙasa. Kabbarar farko ta fito da rawa. Ta biyu ta zauna. Daga nan ban ƙara jin kaina ba, sai wata murya da na sani tun ina goye, tana fita daga bakina tana bin saman dawa tana tafiya. Ban yi sauri ba. Amma ba zan yi muku ƙarya ba, a tsakiyar kiran, inda Baba ke ja da numfashi ɗaya har ya gangaro, iskata ta ƙare kafin in kai. Na yanke na ɗauki wata. Wannan shi ne abin da likita ya ce ya tafi ke nan, a nan na gamu da shi. Na ƙarasa, na sauko.

Muka zauna a ƙofar masallaci, kowa fuskarsa na kallon hanyar da ta fito daga gonaki. Manoman kusa suka fara fitowa, da fartanya a kafaɗa. Duk wanda ya ɓullo sai zuciyata ta buga, in ga ba shi ba ne. Tsoho ne, na ce wa kaina, tafiyarsa sai a hankali. Inuwa ta ƙara tsawo. Wani ya yi gyaran murya, wani ya shiga duba farcensa. Liman ya ƙara jira fiye da yadda aka saba, na san don darajar gidanmu ne, har ya ga lokaci zai fita. Ya miƙe ya ce a ta da salla.

Na yi sallar nan ban san me na karanta ba, Allah ya yafe mini. Da aka sallame Malam Hadi ya matso ya kama hannuna da hannu biyu, ya ce wallahi kira ya yi kyau, iska ce ta juya. Na san ba wata iska. Na gode masa. Ban iya shiga zaure in haɗa ido da Yaya Umaru ba, sai na ce bari in je in taho da Baba Tanko kada yamma ta yi masa a daji. Gaskiyar magana so nake in taka nisan da ƙafata, in ga abin da ya fi ƙarfina.

Na bi ta cikin dawa ni kaɗai. Rana ta yi laushi, komai ya koma ruwan zuma. Ina tafe ina tunanin wata goma sha huɗu, da rake, da asubancin Bungudu, da faɗan gishiri. Baƙin ciki ya cika ni, na kuma ji haushin kaina na shekara ashirin, wanda ba wanda zan ɗora wa. Wata zuciyar ta ce to yanzu me ya rage, in ka koma gari ka sayi karan sigari ɗaya mana. Na ji ta sarai. Na dai ci gaba da tafiya.

Na same shi a gindin tsamiya, ya shimfiɗa mayafinsa, yana zaune yana fuskantar gabas da carbi a hannu. Buta na gefe, ƙasar wurin a jiƙe. Na jira ya shafa addu'a, na tsuguna na gaishe shi.

"Baba, taso mu tahi gida. Ba komai, na san ba ka jiya ba."

"Ban jiya mi ba?"

"Kiran salla."

Ya dube ni kamar na zage shi. "Wane irin ban jiya ba? Ni da nike nan? Malam Audu ya yi kira, na yi alwala, na yi sallata. Kullum haka nika yi."

Babana shekararsa talatin a ƙasa. Baba Tanko ya ci gaba da kallona, carbin ya tsaya a hannunsa. Na ga abin yana dawo masa sannu-sannu, ya dubi buta, ya dubi hanyar gari, ya dubi rana.

"La'ilaha illallahu," ya ce. "Kai na? An ce in koma, ko?"

Na gyaɗa kai. Hawaye na zuba, dariya kuma na neman ƙwace mini.

"To ai ban tuna da wani gwaji ba, ɗana. Na ji an kira ni salla, sai na tashi." Ya dafa kafaɗata ya miƙe da ƙyar, ya kakkaɓe mayafinsa. "Mu tahi in hwaɗa ma Liman da bakina, tun bai ba Hadi ba. Amma ka yi sannu da ni. Ni ba ni da numfashinka."

Na ɗauki butarsa, muka kama hanya.